Ɗaukar ciki a kwanakin al'ada da maganin gaggawa: a fayyace mana

Maman Iman:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ɗaya ce ta yi ta shigo mana ta akwatin sirri tun makon jiya, kowa da irin kalmominta: mace na iya ɗaukar ciki tana cikin jini, ko a ranar da ta yi wankan tsarki? In kuma abin ya riga ya faru, ga shi ba a shirya wa ciki ba, me ya rage a yi, kuma yaya batun maganin gaggawa, wato ƙwayar da ake sha bayan saduwa don hana ɗaukar ciki? Ungozomomi da likitoci da masu harhaɗa magani, ga fili ga mai doki. Ban da zagi, ban da tonon silili.

Sista Ladi, ungozoma:
Wa alaikumussalam Maman Iman. Tana iya ɗauka, amma ba kowace mace ba, ba kuma kowace rana ba. Matsalar daga lissafi take farawa. Ranar da jini ya fara zuba ita ce rana ta 1, ba ranar da ya ɗauke ba. Daga wannan ranar zuwa jajibirin zuwan wani jinin shi ne tsawon zagayen mace, kuma daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ce.

Ƙwai yana fita ne kusan kwana 14 kafin jini mai zuwa. A lura, kafin mai zuwa na ce, ba bayan wanda ya wuce ba. In ya fita, awa 12 zuwa 24 kawai yake yi. Maniyyi ne mai dogon rai, yana kaiwa kwana 5 a jikin mace in ya samu ruwan nan mai yauƙi na bakin mahaifa. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki shida ne: biyar kafin fitar ƙwai, da ita ranar.

Mai zagayen kwana 28, ƙwanta na fita wajen rana ta 14, haɗarinta daga ta 9 yake farawa. Mai kwana 24, wajen rana ta 10 yake fita, haɗari daga ta 5. Mai kwana 21 kuwa wajen rana ta 7, haɗarinta ya fara tun rana ta 2, tana tsakiyar jini. To mai zagayen 24 da ke yin kwana 7 tana jini, ranar wankanta rana ta 8 ce, saura kwana biyu ƙwai ya fito. Ita tana ganin ta shiga kwanakin hutu, alhali a bakin kura take.

Dakta Bello:
Haka yake, Sista. Sai dai kar a ɗauki 14 ɗin nan kamar agogo. Akwai binciken da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka yi a Amurka a kan mata 221, aka buga a 2000. Sun samu cewa kashi 30 cikin 100 ne kawai kwanakin haɗarinsu suka tsaya cak tsakanin rana ta 10 da ta 17, yadda littattafai ke koyarwa. Kashi 2 sun riga sun shiga tun rana ta 4, a rana ta 7 kuma adadin ya kai kashi 17. Wato rana ta 1 da ta 2 haɗarin ƙanƙani ne sosai, wutsiyar jinin ce abin tsoro. Zazzaɓi, doguwar tafiya, damuwa, shayarwa, duk suna iya matsar da ranar ƙwai. Mace kuma in ta haura 40 zagayenta kan gajarce, lissafin da ta saba da shi shekara goma ya daina aiki ba ta sani ba.

Malam Sani:
Allah ya saka da alheri. Kafin a yi nisa, saduwa a cikin haila haramun ce, aya ta 222 a Suratul Baƙara ta yanke magana. Amma hakan bai sa tambayar ta zama ta banza ba. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa, mace mai al'adar kwana 7 in jini ya zarce tana ƙara kwana 3, matuƙar ba a haura 15 ba. Abin da ya biyo baya istihala ne: ta yi wanka, ta yi salla, mijinta ya halatta gare ta. To ga rana ta 11 ke nan, ga jini ana gani, ga halacci. Bisa lissafin Sista Ladi ai wannan tsakiyar haɗari ne ko?

Sista Ladi, ungozoma:
Tsakiyarsa kuwa, Malam. Kuma ka taɓo inda mata suka fi ruɗewa: ba kowane jini ne haila ba. Wasu na ganin ɗigo ruwan hoda ko ruwan ƙasa na kwana ɗaya zuwa biyu daidai lokacin fitar ƙwai. In mace ta ɗauka al'ada ce ta zo da wuri, ta yi kuskure a rana mafi haɗari a watan. Akwai kuma ɗigon farkon shigar ciki, da na mai allurar tazara ko ashanar hannu (maganin tazara da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse), da na ciwon bakin mahaifa. Jinin da ke zuwa bayan saduwa a kai a kai, wannan ba na lissafi ba ne, na asibiti ne.

Masu son ƙidayar kwanaki, akwai carbin nan da ake bayarwa a ɗakin tazarar haihuwa. Sharaɗinsa zagayen mace ya riƙa faɗawa tsakanin 26 da 32, a kuma ƙaurace ko a sa kororon roba daga rana ta 8 zuwa ta 19. Wadda zagayenta bai kai 26 ba, carbin ba nata ba ne.

Baban Khalil:
Ni fa ina da ja. Wannan zancen maganin gaggawa ba buɗe wa yara ƙofar lalata ba ne?

Maman Iman:
Baban Khalil, matar aure mai goyon wata huɗu, da wadda aka yi wa aikin haihuwa likita ya ce ta huta, da wadda ranar allurarta ta wuce, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe, duk amsar nan suke nema. A bar masana su yi magana.

Malam Sani:
Ni tambayata ta fiƙihu ce. Tazara tsakanin ma'aurata da yardar juna, malamai da yawa sun yi ƙiyasinta da azalu, wato zubar da maniyyi a waje. Amma Malikiyya suna da tsanani a kan fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba. Don haka a gaya mana gaskiya, ƙwayar nan hanawa take yi ko zubarwa?

Famasis Hauwa:
Hanawa take yi, Malam. Aikinta ta jinkirta fitar ƙwai har maniyyin da ke jira ya mutu. In ƙwai ya riga ya fita, ta makara. In ciki ya riga ya shiga, ba ta zubar da shi, ba kuma a samu tana naƙasa jariri ba. Maganin zubar da ciki daban ne, sinadarinsa da aikinsa duk daban.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko levonorgestrel, miligiram 1.5. Shi ne cikin Postinor-2, wanda kamfanin Gedeon Richter na ƙasar Hungary ke yi. Kwalin yana zuwa da ƙwaya biyu, kowace 0.75. Tsohon tsari a sha ɗaya, bayan awa 12 a sha ɗayar, amma haɗiye biyun a tare daidai ne, ya ma fi, don ba a mantuwa. Wasu kamfanonin suna yin ƙwaya ɗaya mai 1.5 gaba ɗaya. A kwali an rubuta awa 72. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya sha har awa 120, sai dai ƙarfinsa na raguwa da tafiyar kwanaki.

Na biyu ulipristal, miligiram 30, ƙwaya ɗaya, an fi saninsa da ellaOne. Yana aiki har awa 120, kuma yana iya tare ƙwai ko da ya kusa fita, lokacin da levonorgestrel ya gaza. Aibinsa tsada, sannan ba kowane shago ke da shi ba.

Kar a jira gari ya waye in akwai halin samu da dare. Ba a buƙatar gwaji kafin a sha, kuma ko an ci abinci ko ba a ci ba ana iya sha.

Dakta Bello:
Ga alƙaluman da ke cikin littafin jagoran tazarar haihuwa na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ɗauki mata 100 da suka sadu sau ɗaya ba kariya a mako na biyu ko na uku na zagayensu. In ba a sha komai ba, kusan 8 za su ɗauki ciki. Da levonorgestrel 1, da ulipristal ƙasa da 1.

Wadda ta fi su duka ita ce robar mahaifa mai jan ƙarfe. In an saka ta cikin kwana 5, kariyarta ta haura kashi 99, kuma in mace na so ta bar ta, ta samu tazarar shekara 10 zuwa 12. Ƙiba ba ta rage mata ƙarfi, sauran magunguna ma haka. Sai dai dole ƙwararriya ce za ta saka, bayan an tabbatar babu ciki, babu kuma ciwon sanyi mai fitar da ruwa a bakin mahaifa. Watannin farko jini kan ƙaru, mara kan murɗa.

Malam Sani, a nan akwai abin da ya kamata ka sani tunda ka nemi gaskiya. Babban aikin jan ƙarfen shi ne kashe kuzarin maniyyi kafin ya haɗu da ƙwai. Amma in an saka robar bayan saduwa, tana iya kuma hana ƙwan da ya riga ya haɗu ya maƙale a mahaifa. Ƙwayar levonorgestrel ba a samu tana yin haka ba. Wanda wannan bambanci ya dama, ya san da shi kafin ya zaɓa.

Malam Sani:
Madalla. Wannan bambancin shi nake nema, kuma shi ya kamata a kai wa malami in za a yi fatawa.

Amarya Zee:
To wadda abin ya faru tana rana ta 2 ko ta 3 fa, sai ta sha?

Sista Ladi, ungozoma:
In zagayenta tsayayye ne, 28 ko sama, kuma ta tabbata jinin haila ne na gaske da ya zo a lokacinsa, haɗarin ƙanƙani ne, yawanci ba ta buƙata. In zagayenta gajere ne, ko yau 23 gobe 31, ko jinin ya zo ba yadda ya saba ba, ko an kai rana ta 5 zuwa sama, ta sha. Wadda ba ta san tsawon zagayenta ba ma ta sha. Illar ƙwayar yawanci ba ta wuce tashin zuciya, ciwon kai, nauyin nono da ɗan rikicewar jinin watan ba.

Famasis Hauwa:
Bari in faɗi inda abin yake ɓaci, don nan ne ake cewa magani bai yi ba.

Amai. In an yi amai cikin awa 2 da sha, a sake shan wani. Takardar cikin wasu kwalayen awa 3 ta ce, bin ukun ya fi kwanciyar hankali.

Sake saduwa. Ƙwayar ba ta kare abin da zai zo gobe. Tunda ture ranar ƙwai ta yi gaba, wadda ta sha ranar Litinin ta sake saduwa ba kariya ranar Alhamis tana iya cin karo da ƙwan da aka jinkirta. Bayan levonorgestrel ana iya fara ƙwayar kullum ko allura ko ashana a ranar, a haɗa da kororon roba na kwana 7. Bayan ulipristal sai an jira kwana 5 kafin a fara su, don suna karya masa ƙarfi. Saboda wannan dalilin ne ba a haɗa iri biyun a sha tare, wai don a ƙara tabbaci.

Magungunan da ke sa hanta ta narkar da shi da sauri. Rifampicin na tarin fuka, carbamazepine da phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, da efavirenz na cuta mai karya garkuwar jiki. Wadda ta sha ɗaya daga ciki a makonni 4 da suka wuce, robar mahaifa ta fi mata. In ba hali, ta ninka levonorgestrel zuwa miligiram 3, wato kwali biyu. Ulipristal ba nata ba ne. Masu shan haɗin da ke da dolutegravir, wanda yawancin masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya suke kai yanzu, ba su da wannan matsalar.

Nauyin jiki. In mace ta haura kilo 70, levonorgestrel na iya rage ƙarfi, a Ingila ana ba da shawarar ninkawa ko a koma ulipristal.

Dakta Bello:
Hajiya Hauwa, wannan na ƙarshen a sassauta shi. An yi gwajin ninkawa ga mata masu ƙiba a Amurka, ba a ga ya ƙara hana fitar ƙwai ba. Ni zan ce mai jiki ta nemi robar mahaifa ko ulipristal. In levonorgestrel ne kaɗai a garin, ta sha, kar a hana ta, kar kuma ta ɓata kwana biyu tana neman wani.

Famasis Hauwa:
Na yarda, Dakta. Ninkawar ba ta cutarwa, amma ba tabbas ba ce.

Madam Rakiya, Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa. A nan Nijar sunan da aka fi sani a farmasi shi ne NorLevo, shi ma levonorgestrel 1.5 ne, ƙwaya ɗaya. Tun 2006 gwamnati ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a likitocin gwamnati, sai dai ba kowace CSI (ƙaramar likita ta gwamnati) ke da na gaggawa a kowane lokaci ba, balle a ƙauye. In babu, akwai tsohuwar dabara da ake kira tsarin Yuzpe, sunan likitan Kanada da ya fito da ita. Ana amfani da ƙwayar kullum mai haɗi biyu irin Microgynon, wadda kowace ƙwaya ke da ethinylestradiol maikirogiram 30 da levonorgestrel 150. A sha 4 yanzu, bayan awa 12 a sha 4. In fakitin mai 28 ne, bakwai ɗin ƙarshe masu launi daban ba magani ba ne, kar a ƙirga da su. A cikin mata 100 ɗin da Dakta ya ambata, kusan 2 ne ke ɗaukar ciki da wannan, kuma ya fi sa amai. A nuna wa ma'aikaciyar lafiya fakitin tukuna, don ba kowace ƙwaya ce ke da wannan awon ba.

Sista Ladi, ungozoma:
A Najeriya ma tun 2011 aka cire kuɗin kayan tazara a asibitocin gwamnati. A aikace kaya kan yanke, wani wurin kuma a ce a sayo safar hannu ko a biya kuɗin kati. Ɗakin tazara kuma yawanci da safe yake aiki, ranakun aiki. In abin ya faru daren Juma'a, kar a jira Litinin: a sayi ƙwaya a kemis a sha, ba a neman takardar likita. In ana son roba, Litinin rana ta 3 ce, akwai sauran lokaci. Miji ma na iya zuwa ya sayo, kuma ajiye kwali ɗaya a gida, nesa da zafi da rana, ba laifi ba ne.

Famasis Hauwa:
A kula da jabu. NAFDAC ta yi gargaɗi a 2025 a kan jabun Postinor-2, kuma abin da ya tona asirinsa har da kuskuren rubutu a jikin kwalin da a kan takardar tantancewa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kankare wurin da aka rufe, a tura lambar ta saƙon waya kafin a bar shagon. Ban da na masu talla a tasha ko a cikin mota, wanda ya wuni a rana.

Sai abubuwan da ake sha a unguwa: Ampiclox, Andrews, ruwan gishiri, kanwa da lemun tsami, lemun kwalba mai ɗaci, Alabukun. Ko ɗaya ba ya hana ciki. Tsalle da tsugunno da wanke gaba ma haka, maniyyi cikin mintuna yake wuce bakin mahaifa, inda ruwa ba ya kaiwa. Cusa kanwa kuwa ƙuna take jawowa. Primolut N da mata ke sha don ɗage al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji shi ma ba maganin gaggawa ba ne, ko da sunan sinadarinsa ya yi kama.

Amarya Zee:
An ce in an sha sau uku mahaifa ta lalace, ba a ƙara haihuwa.

Dakta Bello:
Ba haka ba ne. Ba ya taruwa a jiki, ba ya hana haihuwa nan gaba, ana ma iya shan sa fiye da sau ɗaya a wata guda in ta kama. Abin da yawan shan ke yi shi ne hargitsa jini, har mace ta kasa gane ranar da take. Sannan kariyarsa ba ta kai ta allura ko ashana ba. Wadda ta ga tana saye duk wata, ashana ko roba ta fi mata sauƙi da arha.

Bayan an sha, al'ada na iya zuwa da wuri ko ta ɗan makara. In ta wuce kwana 7 da lokacinta, ko ta zo 'yar kaɗan ba kamar kullum ba, a yi gwajin fitsari. Gwaji kafin mako 3 da saduwar na iya nuna babu alhali akwai. In kuma aka ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, ko ciwo a kafaɗa, a tafi asibiti a daren, yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

Game da fyaɗe, ƙwayar rabin aiki ce. Akwai maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki da dole a fara cikin awa 72, a sha kwana 28, da rigakafin ciwon hanta, da maganin ciwon sanyi. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Legas akwai Mirabel. Inda babu, babban asibiti mafi kusa. In da hali a je kafin a yi wanka, a riƙe tufafin ba a wanke ba saboda shaida, amma ko an riga an yi wanka a je.

Maman Iman:
Wata ta turo yanzu: tana goyon wata uku, ba ta ga al'ada ba tun da ta haihu, ta koma ɗakinta bayan arba'in. Tana tsoron kwanika. Tana iya sha tana shayarwa?

Sista Ladi, ungozoma:
Shayarwa na kare ta in abu uku sun haɗu: yaron bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma jini bai dawo ba. In an fara ba shi koko ko madarar gwangwani, ko yana kwana bai sha ba, kariyar ta tsinke. Kar ta jira ganin jini, ƙwai yana riga jinin farko fita, shi ya sa ake samun ciki ba a ga al'ada ko sau ɗaya ba. Wadda ba ta cika sharuɗɗan nan ba, daga kwana 21 da haihuwa tana iya ɗauka. Bayan ɓari kuwa daga kwana 5 ake fara lissafin haɗari.

Levonorgestrel ba ya hana ta shayarwa, ta ba shi nono ta sha abinta. Ulipristal ne takardarsa ta ce a tatse a zubar na mako guda, don haka ga mai goyo na farkon ya fi sauƙi. Robar mahaifa kuma ana saka mata tunda ta wuce mako 4 da haihuwa. Ki tambaye ta yaushe abin ya faru, da rana da awa, don daga nan ake ƙirga awa 72 ɗin.